Ladabin Zama a Teburin Mai Shayi

Teburin mai shayi, wato dogon teburin katakon nan da ake kafawa a bakin titi ko a ƙofar tasha ko a kusurwar unguwa, a jera gwangwanayen madara da na Milo da Bournvita a kansa, a gefe ga burodi da kiret ɗin ƙwai, a kewaye shi da bencina, yana cikin wuraren da matashin birni ya fi yawan zama bayan gidansu da wurin sana'arsa, amma da wuya a sami wanda aka taɓa zaunarwa aka koya masa yadda ake zama a wurin. Yaro yakan tashi an hore shi a kan gaida iyaye, da durƙusa wa malami, da yadda ake sa hannu a kwano ɗaya da yayye, sai dai ranar da ya fara riƙe kuɗin kansa, ya je ya hau benci ya ce a haɗa masa, ba wanda ya gaya masa cewa nan ma wuri ne mai haƙƙoƙi. Shi ya sa ake ganin saurayin da ba ya iya haɗa ido da kawunsa yana buga tebur yana daka wa sa'an kawun nasa tsawa saboda an yi jinkirin soya masa ƙwai, a zatonsa kuɗin da zai biya sun sauke masa nauyin kunya.

A ƙasashen Turai da Amurka, wurin da ke tara mutane bayan an tashi daga aiki shi ne mashaya, inda ake sayar da giya a kan kanta, kuma mutanen can sun daɗe da tsara wa kansu al'adun zama a wurin. A Ingila mai saye yakan je gaban kanta da ƙafarsa ya jira har layi ya zo kansa, ba ya kaɗa kuɗi sama don a gan shi, abokai kuma sukan yi karɓa-karɓa wajen biya, kowa ya ɗauki nauyin zubi ɗaya na dukansu, wanda ya sha na kowa ya sulale kafin nasa ya zo kuwa an riƙa yi da shi ke nan. A Amurka akan bar wa mai zubawa ƙarin kuɗi na ihsani, wanda yakan kai kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na abin da aka sha, saboda albashin ma'aikatan irin wannan wuri bai taka kara ya karya ba. A ƙasar Hausa giya haramun ce ga mafi yawan jama'a, kuma tun da Zamfara ta ƙaddamar da shari'a a 1999, Kano da wasu jihohi suka biyo baya a 2000 har jihohin suka kai 12, mashaya ta ƙara matsewa a unguwanni irin su Sabon Gari da cikin bariki. Amma buƙatar da ke kai mutum irin wannan wuri, ta samun inda zai huce gajiya ya ji labarin gari ya ga fuskokin da ya saba da su, tana nan a ko'ina, kuma teburin mai shayi ne ke biyan ta a Kano da Zariya da Katsina da Sakkwato da Maraɗi, da kantarsa da bencinsa da hirarsa ta dare.

Tushen ladabin wannan wuri shi ne mutum ya gane cewa teburin da yake gani kamar na kowa da kowa jarin mutum ɗaya ne, kuma ƙaramin jari ne wanda ba ya jure asara. Mai shayi yakan tashi tun kafin kiran assalatu ya hura gawayi ko ya kunna gas, ruwan da zai tafasa a wurin ƴan garuwa ya saya, burodin kuma sau da yawa gidan burodi ne ya ba shi a kan sai ya sayar ya biya, ribar da yake samu a kofi ɗaya kuwa ƴar kaɗan ce, ta yadda sai kofuna sun yi yawa kafin ta zama abin cefane. Da yawa daga cikin kayan da ke kan teburin farashinsu a wata ƙasa ake yanke shi: mafi yawan alkamar da ake yin fulawar burodi da ita daga waje Nijeriya ke shigo da ita, haka ma garin madara, ganyen shayin ma, in aka ɗauke abin da ake nomawa a tsaunin Mambila na jihar Taraba, na waje ne. Da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke a Fabrairun 2022 alkama ta yi tsada a duniya, da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023 darajar naira kuma ta faɗi, sai fulawa da sukari da madara da gas suka tashi lokaci ɗaya, alhali mai shayi ba ya iya ƙara kuɗin kofi kamar yadda dillali ya ƙara masa, domin masu sayen maƙwabtansa ne, ya san abin da ke aljihunsu. Da yawa daga cikin masu wannan sana'a ƴan ci-rani ne, wato waɗanda suka baro ƙauyukansu bayan an kawar da amfanin gona suka zo birni neman abin da za su aika gida, wasu ma daga Nijar suka tsallako, kuma ba kaɗan ba ne a cikinsu suke kwana a kan bencin da aka wuni ana zama.

Wanda ya tsaya ya lura da mai shayi a lokacin da ciniki ya buɗe, misali bayan sallar isha a watan Disamba ko Janairu da hunturu ke kaɗawa, zai ga mutum ɗaya yana aikin mutum uku. Yana fasa ƙwai a kofin roba yana kaɗawa da albasa da attarugu, idonsa yana kan tukunyar Indomie kada ruwanta ya ƙone, sannan ya juyo ya ɗauki manyan kofuna biyu yana sheƙa shayi daga wannan zuwa wancan, yana ɗaga hannu sama ruwan yana zubowa siriri, domin sukari ya narke, zafi ya ragu, kumfa ta taso, kuma duk wannan lokaci yana riƙe da saƙon mutum biyar ko shida a ka, ba takarda ba alƙalami, ya san wanda ya riga wani zuwa. Mai hankali idan ya iso sai ya yi sallama, ya ce masa sannu da aiki, ya bari ya ɗago kai, sannan ya faɗi abin da yake so sau ɗaya a fili: ruwan bunu ne, wato shayin da ba a sa wa madara ba, ko haɗin kauri, wato wanda aka cika wa madara da Bournvita har ya yi nauyi a baki, ƙwai nawa, da yaji ko ba yaji, burodi rabi ko guda. Wanda ya bari aka fasa ƙwai aka zuba a kasko sannan ya ce ya fasa ci, ko ya ce ai dafaffe yake nufi, ya jawo wa mutumin asarar da ba zai iya mayarwa cikin kiret ba, kuma adalci shi ne ya biya abin da aka ɓata saboda shi ko da bai ci ba. Neman tsallake layi don an saba da mai shayi, ko don an zo a mota, cin fuska ne ga wanda ke zaune tun ɗazu, kuma yana jefa mai teburin cikin tsaka mai wuya, tunda duk wanda ya fifita ya ɓata wa wani.

Yadda ake kiran mutumin ma abin kula ne. Kiran sa da sunan sana'arsa ba laifi ba ne, al'ada ce, kamar yadda ake cewa mai nama ko mai kayan miya, amma “kai” da tsaki da tafa hannu da ƙwanƙwasa cokali a jikin kofi kira ne da bai dace a yi wa babba ba, musamman ganin cewa da yawa daga cikinsu sun haifi mai kiran. Wanda ya girme wa mutum Malam ne ko Baba, sa'a kuwa a koyi sunansa a riƙa kiran sa da shi, domin abin kunya ne a shekara ana shan shayi a wurin mutum ba a san sunan da mahaifinsa ya raɗa masa ba.

Kushe abinci a gaban jama'a yana cikin ɗabi'un da suka yi yawa a tsakanin samari, har wasu suna ɗaukar sa wayewa. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai kasance mai aibanta abinci ba, wanda ransa ya so yakan ci, wanda bai so ba yakan bar shi. Wannan ba ya nufin a yi shiru idan burodi ya kwana ya yi tsami ko madara ta lalace, domin mai saye yana da haƙƙin a ba shi abu mai kyau, kuma mai shayin kirki ya fi kowa son a sanar da shi kafin ya zuba wa wani. Abin da ake nufi shi ne a matsa kusa a faɗa masa a hankali, a ba shi dama ya canza, maimakon a ɗaga murya gaban baƙin da yau suka fara zama a teburin. Haka nan gyara, wato ɗan ƙarin da mai sayarwa ke yi wa mai saye bayan an gama awo, kyauta ce daga gare shi, idan ya ga dama ya ƙara cokalin madara, idan bai gani ba ba a bin sa bashi. Mai cewa kullum a ƙara sukari, a ƙara madara, a ɗan ƙara ruwan zafi a kan ragowar don ya zama kofi na biyu, ribar kofin yake kwashewa cokali-cokali, wanda kuma ya kai ga miƙa hannu cikin gwangwani da kansa don sabo ya wuce gona da iri.

Batun benci ya fi buƙatar a tsaya a kansa, domin a nan ne mafi yawan masu kirki ma suke kuskure ba su sani ba. Gaskiya ne mai shayi yana son majalisa, wato taron abokan hira da suka saba haɗuwa wuri ɗaya a lokaci ɗaya, saboda teburin da ba kowa ba ya jan mai wucewa, kuma hirar tana ɗebe masa kewar dare, tana kuma zama masa tsaro. Amma bencin da ke ɗaukar mutum huɗu ko biyar shi ma kayan sana'a ne kamar buta da kasko, kuma kuɗin kofi ɗaya ba su sayi wurin zama na tsawon dare ba. Sau da yawa akan ga samari sun gama sha tun da jimawa, kofunansu sun bushe, sun jona wayoyinsu a wutar mai shayi suna caji kyauta, sun cika bencina da musu, ga direban da ya kwana a hanya, ko mai gadi da zai koma bakin aikinsa, ko ma'aikacin asibiti da ya fito aikin dare, yana cin burodinsa a tsaye, wani ma da ya hango ba wuri sai ya wuce teburin gaba da kuɗinsa. Mai shayi ba zai iya cewa a tashi ba, kunya ba za ta bar shi ba, kuma yana tsoron ɓata da ƴan unguwa, saboda haka nauyin lura yana kan mazauna. Idan wuri ya cika, wanda ya gama shi ne zai miƙe ya koma gefe ya ci gaba da hirarsa a tsaye ko a kan dakali, idan dattijo ya iso kuma yaro ya ba shi wuri ba sai an yi masa ido ba. Addini ya hana a tayar da mutum daga mazauninsa don wani ya zauna, wannan kuwa shi ya sa tashin ya zama na ganin dama, kuma da irinsa ake gane ɗan da ya samu tarbiyya.

Tebur a bakin hanya yake, don haka hukuncin zaman bakin hanya ya hau kansa. A hadisin Abu Sa'idil Khudri, da sahabbai suka nuna ba su da makawa sai sun zauna a hanyoyi don tattaunawa, an sharɗanta musu runtse ido, da kame cuta, da amsa sallama, da umarni da kyakkyawa da hani ga mummuna. Wanda ya auna majalisun yau da wannan ma'auni zai ga inda aka fi rauni shi ne sharaɗin farko, domin a unguwanni da yawa mata sukan canza hanya, su yi dogon zagaye, don kawai kada su gifta ta gaban teburin mai shayi, yarinyar da aka aiko sayen burodi kuma takan tsaya nesa tana jin nauyin idanun da ke kanta. Kowane daga cikin mazaunan yana da ƙanwa da ake aike wani teburin, kuma da wannan kaɗai ya isa ya sa a sassauta murya a kau da kai, a kuma bari a sallami yarinyar da wuri ta koma gida. Hira kanta ba abin zargi ba ce. Tun zamanin da ake kewaye rediyo ɗaya ana sauraron sashen Hausa na BBC, wanda ya fara watsa shirye-shirye a 1957, teburin shayi makaranta ce ta sanin duniya, kuma har yau a nan ne labarin siyasa da na kasuwa da na ƙwallo ke fara sauka. Matsalar tana farawa ne lokacin da musun Barcelona da Real Madrid, ko na Arsenal da Manchester United, ko na jam'iyyu a lokacin zaɓe, ya tashi daga kan ƴan wasa da ƴan takara ya koma kan iyayen masu musun. Idan aka kai ga cacar baki da kokawa, masu faɗan sukan watse kowa ya kama gabansa, amma butar da ta kife da ƙwan da ya fashe na mai shayi ne, kuma idan ƴan sanda suka zo shi suke tararwa a wurin.

Ya kamata kuma a tuna cewa ba kowa ne a benci yake ɗan unguwa ba. A Sabon Garin Kano, ko a tashoshin Kaduna da Jos, teburi ɗaya yakan haɗa Bahaushe da Bayarabe da Ibo, Musulmi da Kirista, kuma maganar ƙabila ko addini da aka saki da sunan raha takan sauka a kunnen da ba a yi zato ba. A Agege da Idi-Araba na Legas, ko Sabo ta Ibadan, lamarin ma juyawa yake, mai shayin ne baƙo, mafi yawan masu sayensa ba Hausawa ba ne, kuma duk abin da ɗan'uwansa ya yi a teburin da sunan dukan ƴan arewa za a rubuta shi. Wayar hannu ta ƙaro nata nau'in rashin ladabin: kunna bidiyo da ƙarfi a tsakiyar mutane, da ɗaukar hoton wanda ke cin abinci ko na mai shayin kansa a ɗora a TikTok don a yi dariya ba da izninsa ba.

Game da tsafta, abin da ɗalibin zaure ya karanta a babin abinci da abin sha na Risala ta Ibn Abi Zaid ya wadatar, daga ambaton sunan Allah da ci da dama zuwa barin hura iska a cikin abin sha. Abin da za a ƙara shi ne kofi da cokali da faranti na haɗaka ne, wani zai karɓa bayan an ɗauraye, saboda haka mai mura ya kau da kai idan zai yi tari, kada a tofar da yawu ko a fyace majina kusa da inda ake ci, kada kuma a tsoma hannu a robar da ake wanke kofuna. Mai shan taba ya matsa nesa da masu ci. Wanda kuma yake zuwa da ƙwaya yana jefawa a cikin Nescafé, ko yake fakewa da teburin yana miƙa wa wasu kwalbar maganin tari mai kodin, wanda gwamnatin tarayya ta hana sarrafawa da shigowa da shi tun Mayun 2018, bayan cutar da kansa yana jawo wa mai teburin samamen jami'an hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA da baƙin suna a unguwa, alhali mutumin shayi kawai ya zo sayarwa.

Akwai mutum biyu a gefen teburin da idon mai saye bai cika sauka kansu ba, wato yaron mai shayi da ke wanke-wanke yana koyon sana'a, da almajirin da ke tsaye da robarsa yana jiran ragowa. Yaron ba bawan kowa ba ne, aiken sa sayen kati ko taba ba da iznin maigidansa ba ɗaukar lokacin da wani ke biya ne. Almajirin kuwa, tunda an san abin da aka bari cikinsa zai shiga, sai a bar shi da tsafta, kada a jefa tsinken sakace ko ɓawon ƙwai a cikin faranti, mafi kyau ma a yanke masa rabonsa tun kafin a fara ci a miƙa masa da hannu.

Tayi, wato cewa bismilla ga wanda ya tarar da mutum yana ci, al'ada ce mai kyau da ba a so ta mutu, Hausawa ma sun ce zo mu ci tuwo ya fi tuwon daɗi. Sai dai tayi yana da amsarsa ta ladabi, wadda a mafi yawan lokuta godiya ce da addu'a, kuma wanda ya mai da kowace bismilla gayyatar gaske, ko ya san lokacin da wane ke zuwa ya riƙa daidaita isowarsa da nasa, ba a daɗewa ake gane shi, a fara ɓoye masa. Idan wani ya ce a ba mutum shayi a kansa, mutunci shi ne ya karɓi abin da ya saba sha da kuɗinsa, kada ya ga banza ta faɗi ya ce haɗin kauri da ƙwai huɗu, kuma ya riƙe a ransa cewa wata rana shi ma zai biya wa wani. Mai biyan ma yana da nasa ladabin, ya raɗa wa mai shayi a kunne ya wuce, ba sai ya zaro damin kuɗi ya ƙirga gaban wanda ba shi da ko sisi ba. Samarin Nijar sun warware matsalar wanda zai biya ta hanyarsu a fada, wato ƙungiyar abokai masu zama a bakin titi suna dafa koren shayi da kansu a ƴar ƙaramar buta bisa gawayi, al'adar da ta bazu a Damagaram da Maraɗi da Yamai tun shekarun 1990. A can karo-karo ake yi na ganye da sukari da gawayi, ana zubi uku daga mai ɗaci zuwa mai zaƙi, kuma kowa ya san wanda ke kawo nasa da wanda kullum sai dai ya miƙo hannu.

Mafi munin karamci shi ne wanda ake yi da dukiyar mai shayi, mutum ya ce a ba kowa, a yi masa godiya da kirari, sannan ya juya ya ce a rubuta. Littafin bashi, wanda galibi tsohon littafin makaranta ne da maiƙo ya ɓata wa bango, yana nan a ƙarƙashin kusan kowane tebur, kuma samuwarsa alheri ne, domin ɗalibin da kuɗinsa bai iso ba, da leburan da ba a sallama ba, da ma'aikacin da albashinsa ya makara, da shi suke karya kumallo. Cin bashi ba abin kunya ba ne, bashi hanji ne yana cikin kowa, kuma ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da ƙayyade masa lokaci ta sauka. Abin kunya shi ne taurin bashi, wato mutum ya samu halin biya ya ƙi, wanda hadisi ya kira zalunci idan mai wadata ne ya yi shi. Alamominsa sanannu ne ga duk mai tebur: wanda ake bi ya daina bin layin, ya koma zagayawa ta bayan masallaci, a hango shi a teburin wata unguwa yana sha da kuɗi a hannu, idan an yi kiciɓis kuma ya riga mai bin sa fushi, ya ce don ɗan wannan kuɗin ake masa kallon ɓarawo. Ɗan wannan kuɗin, idan aka tara na mutum goma, shi ne kuɗin burodin da za a biya gobe da safe, kuma teburori da yawa da aka wayi gari an naɗe, littafin nan ne ya ci jarinsu, ba rashin masu saye ba.

Sabon salon biya ya zo da nasa fitintinun. A Oktoban 2022 Babban Bankin Nijeriya ya sanar da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1000, a farkon 2023 kuma tsabar kuɗi ta yi ƙaranci har masu shayi da yawa, waɗanda ba su taɓa mu'amala da banki ba, suka buɗe asusu suka rubuta lambarsa a kwali suka liƙa a jikin tebur. Tun daga lokacin tiransifa, wato tura kuɗi ta waya, ta zama ruwan dare, tare da ita kuma aka sami masu nuna hoton tsohon rasit, da masu cewa sun tura sabis ne ba kyau, suna amfani da cewa mutumin hannunsa yana cikin aiki, wani ma bai iya karanta saƙon banki ba sai an duba masa. Wannan sata ce, ƙanƙantar kuɗin ba ta canza mata suna. Wanda ya tura da gaskiya ya dakata har alat, wato saƙon shaidar shigar kuɗi, ya iso wayar mai shayi, idan ya ƙi zuwa ya bar lambarsa ya dawo ya tabbatar, wanda kuma ya san aljihunsa ba komai ya faɗa tun kafin a haɗa, domin a ba shi bashi da yardar mai kaya. Matashin da ya san sunansa yana cikin littafin wani mai shayi, ya je yau ya tambayi jimillar abin da ake bin sa, ya biya abin da ya sawwaƙa, ya yanka wa sauran rana, kuma idan ranar ta zo ya cika.